Ƙungiyoyin rubutu na mata masu manyan shekaru

Ƙungiyoyin rubutu na mata masu manyan shekaru su ne ƙungiyoyi, mujallu, kamfanonin ɗab'i da zaurukan bita da aka kafa domin matan da suka kai wasu shekaru, galibi 40, 50 ko 60, su yi rubutu, su karanta wa juna, su kuma wallafa ayyukansu. Babban abin da ya bambanta su da sauran ƙungiyoyin marubuta shi ne sharaɗin shekaru. Gasanni da kyaututtukan adabi da yawa suna ƙayyade shekarun da mai shiga ba zai wuce ba, su kuwa waɗannan ƙungiyoyi suna ƙayyade shekarun da sai mace ta kai su za ta shiga.

Mafi yawan sanannun ƙungiyoyin irin wannan an kafa su ne a Amurka da Birtaniya daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa yau. Hujjar masu kafa su ita ce, mata da yawa ba sa samun lokacin rubutu sai bayan sun gama reno, ko sun yi ritaya, ko sun rabu da ɗawainiyar jinyar wani nasu, kuma a lokacin sun riga sun wuce shekarun da ake tallafa wa sabon marubuci. A da suna haɗuwa ne a ɗakunan karatu da gidajen membobi, suna kuma aika wa juna rubutu ta gidan waya. Yanzu da yawansu suna gudanar da ayyukansu ta intanet.

Ma'ana da iyakar shekaru

Babu wata iyakar shekaru guda da aka yi ittifaƙi a kanta. Majalisar Ɗinkin Duniya tana yawan amfani da shekara 60 a matsayin farkon tsufa a ƙididdigarta, amma a harkar adabi da fim iyakar tana sauka ƙasa da haka. Shekara 40 ita ce aka fi amfani da ita, domin a nan ne kyaututtukan matasan marubuta da yawa suke tsayawa. Wasu ƙungiyoyin suna farawa daga 50, wasu daga 60, wato kusa da shekarun ritaya.

Saboda haka kalmar "tsohuwa" ba ta dace da duk membobin waɗannan ƙungiyoyi ba. Mai shekara 42 ba a kiranta tsohuwa a Hausa, kuma kalmar "dattijuwa" ta fi nuni ga kamala da daraja fiye da adadin shekaru. Wannan ne ya sa ake amfani da "masu manyan shekaru" domin ya haɗa su duka.

A Turanci ma zaɓen suna yana cikin aikin waɗannan ƙungiyoyi. Wasu sun ɗauki kalmomin da ake muzanta tsofaffin mata da su, suka mayar da su sunan alfahari. Sunan mujallar Broomstick yana nufin tsintsiya mai dogon mariƙi, wadda a tatsuniyoyin Turai ake cewa mayu mata suna hawa su tashi sama. Sunan kamfanin Grey Hen yana nufin kaza mai launin toka, launin da ake danganta shi da furfura. Wasu kuma sun ɗauki sunayen da ke nuni ga abin da ke zuwa a makare: Persimmon Tree sunan wata bishiya ce da 'ya'yanta ke nuna a ƙarshen shekara bayan sanyi ya fara shigowa, Second Light kuma yana nufin haske na biyu.

Dalilan kafa su

Ɗawainiyar gida da reno

Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na shekarar 2018 ya nuna cewa mata ne ke yin kashi 76.2 cikin ɗari na sa'o'in aikin kula da gida da iyali wanda ba a biya a duniya, wato fiye da ninki uku na abin da maza ke yi. Rubutu kuwa aiki ne mai buƙatar lokaci mai tsawo ba tare da katsewa ba.

Marubuta mata sun daɗe suna magana a kan wannan. A littafinta A Room of One's Own na shekarar 1929, marubuciyar Ingila Virginia Woolf ta kawo hujjar cewa mace tana buƙatar kuɗin shiga nata da ɗaki nata kafin ta iya rubuta ƙagaggen labari. Marubuciyar Amurka Tillie Olsen, wadda aka haifa a 1912, ta fara rubutu tun tana matashiya, amma renon 'ya'ya mata huɗu da ayyukan neman abinci suka tsayar da ita shekaru masu yawa. Littafinta na farko, Tell Me a Riddle, bai fito ba sai a 1961 tana da shekara 49. A 1978 ta wallafa Silences, inda ta yi nazarin dalilan da ke sa marubuta, musamman mata da talakawa, su yi shiru na tsawon shekaru.

Kyaututtuka masu iyakar shekaru

Sanannun hanyoyin fito da sababbin marubuta da dama suna da iyakar shekaru. Mujallar Granta ta Birtaniya tana fitar da jerin matasan marubuta 20 'yan ƙasa da shekara 40 duk bayan shekara goma tun daga 1983. Mujallar The New Yorker ta fitar da irin wannan jeri a 1999 da 2010. Gidauniyar National Book Foundation ta Amurka ta fara karrama marubuta biyar 'yan ƙasa da shekara 35 a 2006. Kyautar Dylan Thomas ta waɗanda ba su wuce shekara 39 ba ce. A Afirka, shirin Africa39 ya zaɓi marubuta 39 'yan ƙasa da shekara 40 a 2014, shekarar da UNESCO ta ayyana Fatakwal a matsayin babban birnin littattafai na duniya.

Masu sukar wannan tsari suna cewa yana ɗaukar "sabon marubuci" da "matashin marubuci" a matsayin abu ɗaya. Matar da ta fara rubutu tana da shekara 52 sabuwar marubuciya ce, tana buƙatar jagora da edita da talla kamar mai shekara 25, amma ƙa'idar shekaru ta riga ta cire ta.

Wariyar shekaru

Likitan Amurka Robert Butler ne ya ƙirƙiro kalmar Turanci da ake kiran wariyar shekaru da ita a 1969. A 1970 Simone de Beauvoir ta Faransa ta wallafa La Vieillesse, babban nazari a kan yadda al'umma ke ɗaukar tsofaffi. A 1972 kuma Susan Sontag ta rubuta maƙala mai suna The Double Standard of Aging, inda ta nuna cewa tsufa yana rage wa mace daraja a idon jama'a fiye da yadda yake rage wa namiji. Ƙungiyoyin farko na marubuta mata masu manyan shekaru sun taso ne a cikin wannan muhawara.

Ƙaruwar yawan masu manyan shekaru

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a 2020, kuma za su kai biliyan 2.1 a 2050. Mata sun fi maza tsawon rai da kimanin shekara biyar a matsakaicin lissafin duniya, don haka su ne mafi yawa a cikin wannan rukuni. Matar da ta yi ritaya tana da shekara 60 tana iya samun shekara ashirin ko fiye a gabanta, lokacin da ya isa a koyi rubutu a kuma fitar da littattafai da yawa.

Tarihi

Shekarun 1970 da 1980

A 1976 Hannelore Hahn ta kafa International Women's Writing Guild a birnin New York. Ƙungiyar ba ta da sharaɗin shekaru, amma ta buɗe ƙofa ga duk macen da ke son rubutu ko da ba ta taɓa wallafa komai ba, tsarin da ƙungiyoyin baya suka bi. A 1978 Maxine Spencer da Polly Taylor suka fara fitar da mujallar Broomstick a San Francisco, wadda matan da suka haura shekara 40 ke rubutawa domin 'yan'uwansu. Mujallar tana buga waƙoƙi, gajerun labarai, maƙaloli da wasiƙun masu karatu, kuma ta ci gaba da fitowa har 1993.

A 1983 Barbara Macdonald da Cynthia Rich suka wallafa Look Me in the Eye, tarin maƙaloli da ya zargi ƙungiyoyin kare haƙƙin mata su kansu da yin watsi da tsofaffin mata a tarukansu da rubuce-rubucensu.

A daidai wannan lokaci aka samu bunƙasar karatun manya. A 1973 Pierre Vellas ya kafa jami'ar farko ta masu manyan shekaru a birnin Toulouse na Faransa, kuma tsarin ya isa Birtaniya a 1982 da sunan U3A. Rassan U3A da yawa suna da zaurukan rubutu na maza da mata.

Shekarun 1990

A 1990 aka kafa mujallar Passager a birnin Baltimore, ƙarƙashin jagorancin mawaƙiya Kendra Kopelke, domin marubuta maza da mata da suka haura shekara 50. A 2005 mujallar ta buɗe sashen buga littattafai. A 1994 Dilys Wood ta kafa Second Light a Birtaniya, ƙungiyar mata marubuta waƙa masu shekara 40 zuwa sama, wadda ta riƙa shirya gasa, bita da karatun waƙa a bainar jama'a, daga baya kuma ta fara fitar da mujallar ARTEMISpoetry.

A 1997 marubuciya Susan Wittig Albert ta kafa Story Circle Network a jihar Texas domin taimaka wa mata su rubuta tarihin rayuwarsu. Ɗaya daga cikin shirye-shiryenta, Older Women's Legacy, an tsara shi ne domin matan da suka haura shekara 60. Kamfanin ɗab'i na Jami'ar Texas ya buga zaɓaɓɓun rubuce-rubucen mahalarta shirin a 2003 a wani kundi mai suna With Courage and Common Sense.

Daga 2000 zuwa yau

A 2007 Nan Gefen, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa mujallar Tikkun, ta kafa Persimmon Tree, mujallar intanet da ke fitowa sau huɗu a shekara, tana buga labarai, waƙoƙi, maƙaloli da zane na matan da suka haura shekara 60. A Ingila kuma Joy Howard ta kafa Grey Hen Press domin buga waƙoƙin mata masu manyan shekaru. A 2012 Sonya Chung ta kafa Bloom, mujallar da ke gabatar da marubutan da suka fitar da littafinsu na farko bayan sun kai shekara 40. Kamfanin Two Sylvias Press na jihar Washington yana ba da kyautar Wilder ga kundin waƙoƙin macen da ta haura shekara 50.

A fagen fim, an ƙaddamar da The Writers Lab a 2015 da haɗin gwiwar ƙungiyar New York Women in Film & Television, da tallafin kuɗi daga jarumar fim Meryl Streep. Shirin yana zaɓar mata marubuta labarin fim da suka haura shekara 40, ya keɓe su na wasu kwanaki tare da ƙwararrun marubuta, daraktoci da furodusoshi domin gyara rubutunsu. Daga baya Nicole Kidman ta shiga cikin masu tallafa masa.

Annobar korona ta 2020 ta sa zauruka da yawa sun koma haɗuwa ta kiran bidiyo. Wannan ya ba da dama ga matan da ba sa iya fita saboda ciwo, nisa ko jinyar wani su shiga, kuma wasu zaurukan sun ci gaba da wannan tsari bayan annobar ta lafa.

Japan

A Japan akwai daɗaɗɗiyar al'adar rubutun talakawa wadda ba ta samo asali daga ƙungiyoyin Amurka ba. A ƙarshen shekarun 1960 Hashimoto Yoshio ya fara wani yunƙuri mai suna Fudangi a garin Hachioji, yana ƙarfafa wa mutanen gari, ciki har da matan aure da yawa, su rubuta abin da suka gani a rayuwarsu da harshe mai sauƙi, su buga a ƙananan mujallu. Masanin tarihi Irokawa Daikichi ya yaɗa kalmar jibunshi, wato tarihin kai, a 1975. Rubuta tarihin kai ya zama sanannen aiki a tsakanin masu ritaya a ƙasar.

Yadda ake kafa su da gudanar da su

Shiga ƙungiya

Abu na farko da masu kafa ƙungiya ke yankewa shi ne iyakar shekaru, sai kuma matakin ƙwarewa. Wasu suna karɓar kowace mace da ta cika sharaɗin shekaru. Wasu, kamar The Writers Lab, suna tace masu nema ta hanyar karanta rubutunsu. Zauren da ake karanta rubutu a cikinsa yawanci ƙarami ne, domin kowace memba ta samu lokacin karanta nata a ji ra'ayin saura. Manyan ƙungiyoyi suna raba membobinsu zuwa ƙananan zauruka bisa ga unguwa, nau'in rubutu ko lokacin da ya dace da su.

Hanyoyin koyarwa

Akwai hanyoyi biyu da suka yi fice a zaurukan masu fara rubutu da girma. Ta farko ita ce ta Amherst Writers & Artists, wadda Pat Schneider ta kafa a jihar Massachusetts a 1981, ta kuma yi amfani da ita tsawon shekaru tare da mata masu ƙaramin ƙarfi a garin Chicopee. A wannan hanya ana yin rubutu tare a zaune, kowa ta karanta nata idan tana so. Ba a sukar rubutun da aka yi yanzu-yanzu, sai dai masu sauraro su faɗi abin da ya yi ƙarfi a cikinsa da abin da ya zauna musu a rai. Ana ɗaukar kowane rubutu a matsayin ƙagaggen labari, ba a tambayar marubuciya ko abin ya faru da ita. Jagorar zaure ita ma tana rubutawa ta karanta nata. Cikakken sharhi da gyara sai an kawo daftarin da marubuciya ta riga ta yi aiki a kansa.

Hanya ta biyu ita ce ta rubuta tarihin kai bisa jagoranci, wadda masanin tsufa James Birren ya tsara a Jami'ar Kudancin California a shekarun 1970. Ana yin ta ne kimanin mako goma. Kowane mako ana ba da jigo guda, kamar iyali, kuɗi, aiki, lafiya ko wata mararraba da ta sauya rayuwar mutum, kowa ya rubuta shafi biyu a gida ya zo ya karanta a ƙaramin rukuni.

Sirri

Tun da yawancin abin da ake rubutawa ya shafi aure, saki, rasuwa, ciwo da rikicin dangi, riƙe sirri yana cikin manyan ƙa'idojin zauruka. Abin da aka karanta a zaure ba a fitar da shi waje sai da izinin mai shi. A zaurukan intanet ana ƙara sharaɗin hana naɗar taro da hana tura rubutun wata ga wanda ba memba ba.

Wallafa

Kundin haɗaka, wato littafi guda da ya ƙunshi ayyukan membobi da yawa, shi ne hanyar da aka fi bi wajen fitar da aikin farko. Bayansa akwai mujallar ƙungiya, gasa ta shekara-shekara da karatu a bainar jama'a. Wasu ƙungiyoyin suna koyar da yadda ake tura rubutu ga mujallu, yadda ake neman wakilin da zai shiga tsakanin marubuciya da kamfanin ɗab'i, da yadda ake karanta yarjejeniyar bugu kafin a sa hannu.

Kuɗi da ma'aikata

Mafi yawan ƙungiyoyin ba na neman riba ba ne. Suna dogara da kuɗin rajistar membobi, kuɗin shiga gasa, gudummawa da tallafin gidauniyoyi, kuma 'yan sa-kai ne ke yin yawancin aikin edita da shirya taro.

Matan da suka fara wallafa da girma

Waɗannan ƙungiyoyi suna yawan kafa hujja da marubutan da suka yi suna bayan sun fara a makare:

Laura Ingalls Wilder ta Amurka ta fitar da Little House in the Big Woods a 1932 tana da shekara 65. Sunanta aka sa wa kyautar Wilder.

Cora Coralina ta Brazil, wadda aka haifa a 1889, ta fitar da kundin waƙoƙinta na farko a 1965 tana da shekara 75.

Penelope Fitzgerald ta Ingila ta fitar da ƙagaggen labarinta na farko a 1977 tana da shekara 60, ta kuma ci kyautar Booker a 1979 da littafin Offshore.

Mariama Bâ ta Senegal, malamar makaranta kuma uwar 'ya'ya tara, ta fitar da Une si longue lettre a 1979 tana da shekara 50. Littafin ya ci kyautar Noma ta farko a 1980, ita kuma ta rasu a 1981.

Harriet Doerr ta Amurka ta koma jami'a bayan rasuwar mijinta, ta fitar da Stones for Ibarra a 1984 bayan ta haura shekara 70.

Ellen Kuzwayo ta Afirka ta Kudu ta fitar da tarihin rayuwarta, Call Me Woman, a 1985 tana da kimanin shekara 70, ta kuma zama baƙar fata ta farko da ta ci kyautar adabi ta CNA.

Natsuko Kuroda ta Japan ta ci kyautar Akutagawa, wadda ake bai wa sababbin marubuta, a 2013 tana da shekara 75. Chisako Wakatake, wadda ta shiga ajin koyon rubutu bayan rasuwar mijinta, ta ci wannan kyauta a 2018 tana da shekara 63.

A Birtaniya akwai kyaututtuka na masu fara wallafa da girma, maza da mata. Kyautar McKitterick ta ƙagaggen labarin farko ce na wanda ya haura shekara 40. Kyautar Christopher Bland, mai fam 10,000, ta littafin farko ce na mai shekara 50 zuwa sama, an fara ba da ita a 2019. A wannan shekarar aka fara ba da kyautar Paul Torday ta masu shekara 60 zuwa sama, wadda Anne Youngson ta fara ci.

Suka da ƙalubale

Ana sukar waɗannan ƙungiyoyi ta fuskoki da dama. Wasu na ganin cewa sa iyakar shekaru daga ƙasa maimaita kuskuren da ake kuka da shi ne, domin matar da ke da shekara 38 da 'ya'ya biyar tana iya fin mai shekara 60 da ta yi ritaya ƙarancin lokaci. Masu wannan ra'ayi sun fi son a cire sharaɗin shekaru gaba ɗaya, a riƙa duba ko littafin na farko ne. Wasu marubutan kuma ba sa son a keɓe su a matsayin "tsofaffin marubuta", don gudun a riƙa yaba shekarunsu a bar aikinsu.

Akwai kuma batun hali. Kuɗin rajista, kuɗin bita da na tafiya suna sa ƙungiyoyin su fi jawo masu ilimi da abin hannu. Ƙididdigar UNESCO ta nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na manyan da ba su iya karatu da rubutu ba a duniya mata ne, kuma matsalar ta fi tsanani a tsakanin masu manyan shekaru. Komawa intanet ya sauƙaƙa wa wasu, ya kuma bar waɗanda ba su da kwamfuta, babbar waya, kuɗin data ko ƙarfin gani a baya.

Masu fara rubutu da girma suna fuskantar haɗarin kamfanonin da ke karɓar kuɗi daga hannun marubuci kafin su buga masa littafi. Wani rahoto da ƙungiyoyin marubuta biyu na Birtaniya, Society of Authors da Writers' Guild of Great Britain, suka fitar a 2022 ya nuna cewa kashi 94 cikin ɗari na marubutan da aka tambaya, waɗanda suka biya aka buga musu littafi, sun yi asara. Wayar da kan membobi a kan wannan ya zama wani sashe na aikin ƙungiyoyin.

Game da lafiya, ana yawan ambaton binciken James Pennebaker na 1986, inda aka sa ɗalibai su yi rubutun minti 15 a kan abin da ya dame su har kwana huɗu a jere. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun nuna cewa irin wannan rubutu yana da amfani, amma amfanin ƙarami ne, kuma zauren rubutu ba ya maye gurbin ganin likita.

Ƙalubale na ƙarshe shi ne ɗorewa. Ƙungiyar da ta dogara da mace ɗaya ko biyu tana iya tsayawa idan suka gaji, suka yi rashin lafiya ko suka rasu, sai in an shirya waɗanda za su gaje su tun da wuri.

A ƙasar Hausa

Tarihin ƙasar Hausa yana da misalin da ya yi kama da wannan tsari ta wata fuska. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda dattijan mata da ake kira jajis ke jagorantar ayarin mata daga ƙauyuka zuwa wurinta, su koyi waƙoƙinta na ilimi, su koma su koyar. Matan da ke wannan tafiya yawanci 'yan mata ne ƙanana da matan da suka wuce shekarun reno. Tsarin na koyarwa ne da hadda, ba na horar da marubuta ba, amma ya ɗora yaɗa adabi a kan mata masu manyan shekaru.

A fagen tarihin rayuwa akwai Baba ta Karo, wadda ta rayu daga 1877 zuwa 1951. Ta ba Mary Smith labarin rayuwarta da baki a 1949 da 1950, aka buga shi da Turanci a 1954 da sunan Baba of Karo. Littafin yana cikin muhimman madogarai a kan rayuwar matan Hausawa kafin zuwan Turawa da farkon mulkinsu.

A adabin zamani, Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta ci gaba da karatu ta hanyar ilimin manya, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Ƙungiyoyin marubuta mata irin su Kallabi da Mace Mutum an kafa su ne a kan jinsi. Gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 domin mata zalla, ta ƙayyade shekarun masu shiga daga 18 zuwa 35 a wasu zagayenta na baya-bayan nan, wanda ya sa ta cikin jerin gasannin da ke da iyakar shekaru daga sama.

Duba kuma

Adabin Kasuwar Kano
Ilimin manya
Nana Asma'u
Tarihin rayuwa